Ranar da Hajiyar Yamai ta zo Gure

Shekara biyu ina sayar wa wata Hajiya turaren wuta ban taɓa ganin idonta ba. Ita tana Yamai da butik ɗinta, wato shagonta, ni ina Gure da wayata. Ni ke ɗaukar hoton kwalabe, ni ke aika saƙon murya, ni ke kai kwali tasha. Abin da ban taɓa faɗa mata ba shi ne, yayata ce ke haɗa turaren. Ita ta zauna gaban kakarmu ta koya, lokacin da nake lakwal ina karatun boko. Hajiya kan ce, "Hannunki akwai albarka," ni kuwa in ce amin. Ba ƙarya na yi ba, amin kawai na ce.

Wata ranar Laraba Hajiya ta aiko cewa za ta Diffa biki, za ta sauka ta gan ni. Na share gida sau biyu, na aro kafet wurin maƙwabta, na sa lufayata ta Sallah. Yaya kuma na roƙe ta ta tsaya a madafa, wai kada shinkafa ta kama.

Hajiya ta iso bayan azahar. A murya na zaci doguwa ce mai jiki, ashe 'yar firit ce, sai ido kamar na shaho. Muka rungumi juna, muka yi ta gaisuwa. A gidanmu ba a barin baƙuwa ta zauna ba a kawo mata kasko ta turara jikinta ba, don haka na tashi da rawar jiki na ɗebo garwashi jajir, na zuba turare a kai, cike da hannu. Nan take ya yi baƙi, ɗakin ya ɗau ƙauri, Hajiya ta kama tari.

Sai ga Yaya ta shigo da zanen aikinta. Ta zubar da ƙonannen, ta yayyafa toka ta rufe garwashin, ta sa turare ɗan kaɗan da yatsu uku. Hayaƙi ya tashi siriri. Duk mai haɗa turare ya san ba a ɗora shi a kan tsirarar wuta. Ni ma na sha gani, ban dai taɓa kula ba.

Hajiya ta dubi yatsun Yaya da suka rine, ta dubi nawa da lalle sabo.

"Baiwar Allah, farcen da kike sawa a turaren nan, kwana nawa kike jiƙa shi?" ta tambayi Yaya.

Yaya ta amsa tana sunkuyar da kai. Shi ke nan, Hajiya ta sauko daga kafet ɗin aro ta bi ta har madafa, ta zauna a kan turmi. Awa guda suna zancen hawi da gajiji da sauran kayan haɗin turare, suna dariya, ni ina tsaye da tiren shayi. Kishi ya cika ni har wuya. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri, amma a ranar ko dariyarta ban so ji ba. Baƙuwata ce. Ni na samo ta.

Da za ta tafi, Hajiya ta fito da waya.

"Ba ni nimeronki, Yaya."

Har ta fara kiranta Yaya. Ita kuwa Yaya ba ta taɓa riƙe lambarta a ka ba. Ta juyo ta dube ni, yadda ta saba duba na duk lokacin da abu ya shafi waya.

"Ƙanwata, faɗa mata mana."

Lamba takwas ce. Da na sauya guda ɗaya, ba wanda zai sani, kuma sai da zuciyata ta raya mini haka. Na faɗe su daidai, ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta danna, wayar Yaya ta yi ƙara a cikin kwanon da take ajiye ta, su biyu suka yi dariya.