An Ƙunshe Awara da Littattafan Malam Saiwa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita aiki aka kira ni, wai Malam Sa'idu ya rasu. Shi ne ya koya mana Turanci a sakandaren ƙauyenmu, can gaba da Tsanyawa.

Na je gaisuwa na dawo, kuma wallahi raina a ɓace yake. Mutuwa kam ta Allah ce, ba ni da ja. Abin da ke ci min rai aikinmu ne mu masu rai.

A bayan idonsa Malam Saiwa muke ce masa, don ba ya barin kalma ta wuce sai ya tono asalinta. Ranar da ya fara shiga ajinmu da tushen gyaɗa ya shigo, da ƙasarta da komai. Ya ɗaga ya ce, "Ganye kuke gani a sama, abincin yana ƙasa. Haka kalmar Bature take. Wata saiwarta Girkanci ce, wata Latin. Ku daina tsoron tsawonta, ku tuge ta ku gani."

Muka yi ta dariya, mun ɗauka Malam ya zare.

Sai da na shiga makarantar koyon aikin jinya dariyar ta ƙare. 'Yan birnin da suka yi makarantu masu tsada suna ta haddar hepatitis da carditis kamar su yi kuka. Ni kuwa 'yar ƙauye na riga na san hepat hanta ce, cardi zuciya, itis kumburi. Da wannan nake cin abinci har yau.

In aka zo kan metaphor ba ya ma buɗe littafi. Cewa yake mu je gida mu saurari kakanninmu in suna faɗa. "Tsohuwar da ta ce maka kai kura ne ta gama darasin, sunansa ne kawai ba ta sani ba."

Lokacin cirar gyaɗa rabin aji na gona. Bai taɓa dukan kowa a kan haka ba, sai dai ya maimaita darasin bayan la'asar a ƙofar gidansa.

Yana da littattafai goma sha ɗaya da ya rubuta da hannunsa. Kowace saiwa da jan biro, ma'anarta da Hausa da shuɗi, sai misali daga gona ko kasuwa. Da ya yi ritaya ya kai su ɗakin karatun makaranta, ya ce na yara ne.

Ganina da shi na ƙarshe bara ne da ƙaramar sallah. Ya ce, "Hauwa, ki karɓo littattafan nan ki sa a buga min su a kwamfuta. Takarda ba ta da tabbas."

Na ce, "In sha Allahu Malam, bayan babbar sallah."

Babbar sallah ta zo ta wuce, wata ƙaramar ta biyo ta. Ban je ba.

Yau da mata suka ɗan ragu na tambayi matarsa, Inna Rabi, ko littattafan na nan a makaranta. Ta ɗaga tabarmar da yake kwanciya a kai, ta zaro takarda guda ɗaya, mai ya jiƙe ta.

Ta ce, "Shugaban makaranta ne ya buƙaci ɗakin zai ajiye taki, ya ce a fitar da tarkace. Masu awara suka kwashe. Ni da kaina na sayo masa awara ran kasuwa, na miƙa masa a cikin rubutunsa, tunda ban san boko ba. Bai ci ba, 'yar nan. Ya juye ta a kwano, ya shafe takardar da tafin hannu, ya ce min, Rabi, wannan shafin ruwa ne."

Na duba. Hydro, ruwa. Aqua, ruwa. Sauran mai ya cinye.

Tarkace fa aka ce. Aikin da mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai.

Kai da ka ba da umarnin, ba zan kama sunanka ba. Amma buɗe littafi ɗaya ka ga abin da ke ciki ya fi ƙarfinka? Gidan Malam nesa ne da ba za ka aika masa ya zo ya ɗauki kayansa ba?

Ku kuma 'yan guruf ɗin tsofaffin ɗalibai, tun safe kuke zuba Turanci, wannan ya ce irreparable loss, wancan ya ce monumental. Wa ya koya muku fasa kalmomin? Mutum nawa cikinku ya taka ƙofarsa tun da ya kwanta? Da ni da ku duk kanwar ja ce. Ni ma na fi ku laifi, don ni ya roƙa da bakinsa.

Ga roƙona. Duk wanda ya sayi awara ko ƙosai a yankinmu, don Allah ya duba takardar kafin ya yar. In ka ga jan biro da shuɗi, ɗauki hoto ka turo min, ko da rabin shafi ne. Shafin ruwa na hannuna, ɗazu na buga shi.

Allah Ya jiƙan Malam Sa'idu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa abin da ya shuka a kawunanmu ya bi shi da lada. Allah Ya ba Inna Rabi haƙuri.

Ku sa shi a addu'a. Ni kuma ku roƙa min Allah Ya yafe min "bayan sallah" ɗin nan da na ce masa.