Kwalbar da Inna Ta Buɗe

Ƙarfe huɗu na yamma, ana kiran la'asar, Inna ta buɗe kwalbata ta biyu. Daga ɗaki na ji ta yi "fuu".

Farfesa ne ya ba ni kwalaben, guda biyu. Abokin Baba ne, mutumin Zurmi, yana koyar da kimiyyar sinadarai a jami'a. Shekarar da aka fara shari'a ya zo Kaura yana ɗibar iska: ta tasha, ta Kasuwar Daji, ta gonakin da ake ƙona kara. Ya ce in ya haska fitila ta cikin iskar a injinsa, kowane sinadari yakan shanye nasa launi, da haka ake gane shi. Ban yi barcin kirki ba don murna.

Wuri ɗaya ya gagare shi, madafin matan aure, domin iyakarsa zaure. Ni da ban iya haɗa ido da baƙo, sai na ji bakina ya ce wa Farfesa, "Baba, ni zan ɗebo." Inna na soya ƙuli, ta daɗe tana tari, har Baba ya fara cewa ta bar sana'ar. Ina son sanin abin da ke cikin hayaƙin.

An zuƙe iskar kwalaben, sau ɗaya ake buɗewa. Ta farko na cika da hantsi, suya ta kankama. Ta biyu na ajiye don gobe.

Na fito da gudu. Inna na tsugune gaban murhu, ta cusa leda ƙarƙashin itace don wutar ta kama, kwalbar na hannunta.

"Ke ɗiyar nan, mi ya faru? Mai zan zuba. Ba komi ciki!"

Na fizge na toshe. Na kai wa Farfesa duka biyun, na gaya masa yadda aka yi.

Sai hutun Sallah ya dawo. Na ga motarsa, na manta kunya, na riga Baba isa zaure.

"Baba, me aka gani?"

Farfesa ya yi dariya. "Taki hayaƙin itace ce, shi ma a rage shi. Ta Inna ce ta kama mai laifin. Ki ce mata ta fitar da murhu tsakar gida, ta daina hura wuta da leda. Ƙuli kuwa ta ci gaba, a ajiye min nawa."