Tala da Tuwon Cika-ciki

A Garin Hayatu, wani ƙauye da ke gabas da Cadawa, akwai wata tsohuwa da yara suke kira Tala mai ƙwace akushi. Ba sa faɗa a gabanta, don bakinta ba ya da daɗi in ta fusata, amma da ta juya baya sai ka ji suna raɗawa. Matar nan kuwa ba marowaciya ba ce. Shekara zagaye tana ba yaran unguwa ƙanzo da ƙuli-ƙuli. Rana ɗaya tak take canzawa, ranar cika-ciki, goma ga watan da ke bin Babbar Sallah, ranar da kowa ke ci sai ya kasa tashi. A ranar, da yaro ya kai loma biyar ko shida a gidanta, sai ta janye akushin ta ce, "Ya isa haka. Tashi ka sha iska." Matan gari suna cewa tsufa ne ya taɓa ta. Wane irin tsufa! Da sun san abin da ya sa, da ba su yi mata dariya ba.

Tala ta tashi a gidan wadata. Ubanta, Tsoho, manomin gero ne da gyaɗa, kuma bai taɓa layya da abin da ya gaza rago biyu ba. Ranar Sallah ana feɗe ragunan, a tsire su a kan sanduna a gicciye, a jera da na maƙwabta kewaye da wuta ɗaya, su wuni suna ɗigar da mai. Washegari a yi rabo gida-gida. Amma wutsiya ba a taɓa ta. Uwar Tala takan barbaɗe ta da gishiri ta rataye saman murhu, wata guda cur tana shan hayaƙi, yara suna ɗaga kai suna haɗiyar miyau.

Ranar cika-ciki ake sauke ta. A jefa ta cikin miyar kuka, a tuƙa tuwo kamar za a ciyar da masu gayya. In yaro ya ce ya ƙoshi, sai ya je gaban babba ya ɗaga riga, a ƙwanƙwasa masa ciki da yatsa kamar mai gwada kankana. Tsoho ya fi kowa iya wannan wasa. Ya karkata kai, ya kasa kunne, ya ɓata fuska, ya ce wa Tala, "Bai nuna ba. Koma ki ƙara." Yara su koma akushi suna ƙyalƙyala dariya. Har Kadi, 'yar Fulanin da ke sauka gonarsu bayan kaka, tsarar Tala ce, ita ma ba ta tsira daga yatsan Tsoho. Tsofaffi mata kuma suna cewa duk wanda ya kwana ranar ba da cikakken ciki ba, shekarar nan tas ba zai ƙoshi ba. Tala ba ta taɓa shakkar wannan magana ba, ko sau ɗaya.

Ta yi aure da Inusa, aka kawo ta Garin Hayatu. Haihuwa uku, ɗaya ta tsaya, Maijidda, yarinya mai wushirya da surutun da ba ya ƙarewa. Tana da shekara shida aka shiga daminar shekarar saba'in da uku.

Ruwa uku aka yi na kirki, sai sama ta ɗauke. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Gonar da ke ba Inusa dami sittin, dami uku ya ɗaure. Ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi ido, ya sussuke, ya cakuɗa da toka saboda ƙwari, ya zuba a tulu ya liƙe bakin da laka. Da sauran hatsin ya kusa ƙarewa, ya ɗauki sandarsa zai nufi Katsina neman abin da za su ci. A bakin ƙofa ya ce, "Tala, ga ɗiyarki, ga iri. Su biyun nan na bar miki. Ko mi za a yi, kada ki taɓa tulun nan."

Daga nan sai dusa. Da dusa ta ƙare, sai ganyen jiga, sai tonon gidan tururuwa don ɗan hatsin da suka ɓoye, sai 'ya'yan itacen anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya bari a haɗiye. Maijidda ta tsani anza. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, surutun nan ya mutu. Tala ta san in yarinyar nan ta tafi, ba ta da sauran abin da za ta nuna wa Inusa, ba ta da sauran abin da za ta tashi da safe dominsa. Don ta samu ta haɗiyi loma, sai ta riƙa ba ta labarin cika-ciki na gidan Tsoho: wutsiya, miya mai maiƙo, ɗaga riga, bai nuna ba. Yarinyar takan buɗe baki tana saurare, Tala ta tura mata anzar. Kullum tambayarta ɗaya ce, "Inna, yaushe ne cika-ciki?"

Babbar Sallah ta zo da sanyi a shekarar. Aka sauko idi, gari tsit, ko hayaƙi ɗaya bai tashi ba. Da la'asar sai ga sallama. Tala ta leƙa ta ga wata mata baƙa wuluk, ƙasusuwan wuya a waje, sai da ta yi magana ta gane Kadi ce. Shanunsu arba'in, biyu suka rage, su ma jan su ake yi, kuma kudu suka nufa. Tunkiyarsu ta ƙarshe ta kasa tashi da safe, suka yanka kafin ta zama mushe. Kadi ta kwance bakin zane ta miƙo wutsiya, siririya, ba ta fi yatsa kauri ba.

"Ba ta da mai, Tala," in ji ta. "Amma wutsiya ce. Rataya wa yarinya. Ni ban san inda cika-ciki zai tarar da ni ba."

Ba ta ko zauna ba. Tala ba ta sake ganinta ba har yau.

Wutsiyar ta hau saman murhu. Maijidda ta sa aka ja mata tabarma inda za ta riƙa ganinta, nan take wuni a kwance. Tala kuwa wata guda tana juya magana ɗaya a ranta. Wutsiya ba tuwo, ina amfaninta? In yarinyar nan ta kwana ranar da yunwa, ke nan wata shekarar yunwar ta hau kanta, kuma kowa ya dube ta ya san ba za ta iya ɗaukar wata ba. Inusa ya ce kada a taɓa tulu, gaskiya ne. Amma ai ɗiyar ya fara ambata kafin iri. Kada wani ya ce kwaɗayi ne ko rashin hankali. Wallahi ceton rai matar nan ta tashi yi, da abin da iyayenta suka koya mata.

Ranar cika-ciki da safe ta fasa lakar tulun. Ta ɗebi rabin irin, ta sheƙe tokar, ta shigar da turmi cikin ɗaki ta shimfiɗa masa tsumma a ƙasa, don kunya take ji maƙwabta su ji daka a gidanta su nasu yara suna kuka. Kafin magariba ta sauke tuwo, fari, mai tururi, ga miyar kuka da wutsiya a ciki.

Maijidda ta tashi zaune da kanta. Ta ci, ta tsotsi ƙashi, ta yi dariya, dariyar da Tala ta yi wata biyu ba ta ji ba. Ba ta yi nisa ba hannunta ya yi sanyi. Ta ce, "Inna, na ƙoshi." Sai ta tuna labari, ta rarrafo ta ɗaga riga. Haƙarƙari a jere, fata kamar ta tsohuwa. Tala ta karkata kai yadda ubanta yake yi, ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Bai nuna ba. Koma ki ƙara."

Yarinyar ta koma tana dariya. Ta sake dawowa, Tala ta sake cewa bai nuna ba. Sau uku. A na ukun ba dariya, don uwarta kawai take turawa. Tala kanta ƙanzo ta kankare ta ci, kuma ranar ta ji daɗin da ba ta ji ba tun tafiyar Inusa.

Da gari ya waye cikin Maijidda ya kumbura ya yi tauri. Amai, numfashi sama-sama, hannuwa suna rawa, ba ta gane mai kiranta. Babu jaki ko ɗaya da ya rage a garin. Tala ta goya ta, ta kama hanyar Cadawa da ƙafa, tana tafe tana kiran sunanta. A gidan likita mutane ne kwance ko'ina a ƙarƙashin itatuwa. Da layi ya zo kanta, likitan ya taɓa cikin yarinyar, ya ɗago ya ce, "Mi kika ba ta?"

"Tuwo," in ji Tala. "Jiya cika-ciki."

Mutumin ya janye hannunsa. Ba faɗa ya yi mata ba, a gajiye ya yi maganar. Ya ce, "Baiwar Allah, cikin da ya daɗe da yunwa ba a cika shi. Da kunu ake lallaɓa shi, cokali-cokali." Ya yi abin da zai iya. Kafin azahar Maijidda ta cika, a cinyar uwarta.

Inusa ya dawo gab da damina da rabin buhun garin rogo. Tun a hanya aka yi masa gaisuwa. Ya shiga ɗaki, ya ga tulu a buɗe, ya daɗe a tsaye, ya fito. Bai tambaye ta ba, ran nan ko bayansa. Ita kuwa da ya zage ta, ko ya kore ta, da ya fi mata sauƙi. Rabin irin da ya rage suka shuka, ruwa ya sauka, gero ya yi kyau.

Sun sake samun 'ya'ya uku. Da aka sake yin fari a shekarar tamanin da huɗu, Tala ta fitar da su duka da ransu, da kunu da cokali, kuma ta bi gida-gida tana hana mata ɗura wa yara jar dawar taimako da yawa a lokaci ɗaya, har da zagi in ta kama. Inusa ya rasu, ta aurar da yaran, ta zama kaka. Wutsiya dai tana ratayewa duk shekara, tuwon ma tana tuƙawa, don ba ta iya bari. Ci ne ba ta yi, kuma ba ta barin yaro ya wuce loma shida.

Bara aka kawo mata wata jikarta daga Maradi, 'yar shekara biyar, kumatu ɓul-ɓul. Yarinyar ta ga yadda ake yi a gidan maƙwabta. Ta ci loma uku, ta rugo gaban Tala, ta ɗaga riga ta turo ciki.

"Kaka, ƙwanƙwasa ki ji ko ya nuna!"

Tala ta dubi cikin. Hannunta ya taso ya tsaya a hanya. Sai ta kama bakin rigar ta saukar mata a hankali, ta gyara.

"Ya nuna, ɗiyata," in ji ta. "Tun da kika ce kin ƙoshi ya nuna."

Yarinyar ta ce ita ba ta ce ta ƙoshi ba. Tala ta miƙe. Ta ɗauki akushin ta shige ɗaki, ta saki labule.