Kuɗin Ƙanƙara Sun Maƙale a Hanya

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da na Ƙanƙara, kuma katangar ba ta riƙe sirri. Mai gyaran firij ne, ni kuma mai aski. Ni na laƙaba masa sunan, don duk layinmu babu mai saurin tafasa kamarsa. Da kunne yake aiki. Zai kara kunnensa a jikin firij, ya lumshe ido kamar mai sauraron gulma, ya ɗago ya ce gas ne ko inji ne. Bai taɓa kuskure ba, in ji shi.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya. Likita muke ce mata tun tana ƙarama, don ba ta ganin ciwo a jikin mutum ta ƙyale. Bana makarantar koyon jinya ta ɗauke ta, aka ce a biya kuɗin shiga kafin ƙarshen mako, in ba haka ba a ba wata gurbin.

Ƙanƙara yana da ƙane mai aiki a jirgin ruwa a ƙasar waje. Ƙanen ya ce zai turo, amma bankin can na neman lambar asusu da lambar reshe, wato wadda ke nuna reshen da ke riƙe da asusun. Ƙanƙara ya yi dariya. Reshen bakin titinmu ai gidansa ne, shi ke gyara musu firij, har maigadi yana ce masa Injiniya. Ya leƙa ya tambayi lambar reshensu, suka ba shi. Ya tura wa ƙanen, ƙanen ya turo kuɗi, jirginsu ya shige inda waya ba ta shiga.

Kuɗi shiru. Ta katanga nake jin Ƙanƙara yana zagin wayarsa. Da abin ya ƙi, na goya shi a babur muka je. Matar da ke teburin ƙorafi ta daɗe tana danna kwamfuta.

"Baba, a ina ka buɗe asusun nan?"

"A bankinku mana."

"Wane reshe?"

Ya tsaya yana sosa sanƙo. Ashe a reshen da ke kusa da masana'antar da ya fara aiki ya buɗe, tun yana da gashi, tun ina samun na cefane a kansa.

Ta ce, "Lambar da ka bayar tamu ce, asusunka kuwa ba a nan yake ba. Lamba ta ce nan, asusu ya ce can, shi ya sa aka riƙe kuɗin. Wanda ya turo ne zai gyara, ko a mayar masa."

"Wanda ya turo yana tsakiyar teku, 'yata. Ni fa nake gyara muku firij."

"Na sani, Baba. Gwada reshenka, ko za su iya nemo su daga can."

Muka ratsa gari cikin rana. Ginin yana nan, amma katifu ne jingine a ƙofar. Mai shagon ya ce banki ya tashi da daɗewa, katifa dai akwai, har da mai taushi.

Na ce, "Maƙwabci, sayi ɗaya ka kwanta ka jira kuɗin."

Bai zage ni ba. A nan na san abin ya kai inda ya kai.

Muka wuce makarantar. Ma'aji ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce shi rasit yake karɓa, ba labari ba, kuma akwai masu jiran gurbin. Muka dawo gida muka tarar Likita ta goge farar rigarta ta rataye a ƙusa. Ta dubi fuskar uban, ta kawo masa ruwa. Na juye gwangwanin kuɗin askina a gabansa, abin da ya fito ko takalmin makarantar ba zai saya ba.

Ranar ƙarshe da safe na ji ana jan ƙarfe a tsakar gida. Ƙanƙara ne yake ɗaure tukunyar gas da bututun walda da akwatin sifanoninsa. Tsallaken titi ya kai su, wurin Gajere, abokin hamayyarsa, wanda Ƙanƙara ya sha cewa ko fanka bai iya gyarawa ba. Gajere ya taya da wulaƙanci, Ƙanƙara ya ce ya sallama. Kafin a tashi aiki rasit yana hannun Likita.

Yanzu ta tafi, ƙusar ce kawai a bango. Jirgi bai tsaya ba, kuɗi na can inda suka maƙale. Ƙanƙara a bencin shagona yake wuni. In an kawo firij a baro, ya tashi ya kara kunne, ya faɗi ciwon, ya nuna musu shagon Gajere da haɓa.

Jiya wayarsa ta yi ƙara, ya zabura har ya ture mini madubi. Likita ce, tana tambaya ko ya ci abinci.

Ya ce, "Na ci, uwata. Aiki ma ya yi mini yawa."

Na buɗe baki zan yi magana, ya taka mini ƙafa.