Chedi, Wanda Ya Shaidi Mutuwar Kansa

A harabar kotun garinmu akwai wata bishiyar darbejiya, a ƙarƙashinta teburin Babu Tirbeni yake, lauyan da gwamnati ta ba hatimin tabbatar da sa hannu. Doka ta ce duk mai rantsuwa a takarda ya zo da ƙafarsa, ya kuma kawo wanda ya san shi. Sanin nan shi ne sana'ar Chedi.

Chedi ya san kowa. Baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasa da hantsi, kafin azahar ya zama abokinsa na yarinta. Ba ya karanta abin da yake sa wa hannu, don a cewarsa karatu na kawo kokwanto, kokwanto kuwa ba ya sayen shayi. Sai ya tauna ganyen pan, wanda ake ci kamar goro, ya tofar da jan yawu, ya ce ya san mutumin, a buga hatimi. Sunansa na yanka Shivdhari, amma tun yana goye ake ce masa Chedi, har ya saba sa hannu da shi.

Wata rana Ramdhani, ɗan wansa, ya zo da takarda. Ya sunkuya ya taɓa ƙafafun baffan, ya ce wani tsoho ne ya rasu a ƙauye, ana neman wanda ya ga an ƙona gawar a bakin kogi, yadda al'adarmu take. Chedi ya ce ai shi ya ɗauko itacen ma, ya sa hannu.

Sai da kaka ta yi, ya je duba gonarsa ta gado, ya tarar da Ramdhani na yankan shinkafa. Yaron ya gaishe shi da ladabi, ya sanar da shi cewa marigayi Shivdhari bai bar ɗa ba, gona ta faɗo kansa.

Chedi ya bayyana gaban Babu Tirbeni da ƙafarsa, yadda doka ke so, ya ce zai rantse yana raye. Lauyan ya gyara tabarau, ya tambaye shi wa ya san shi.

"Haba Babu, tare muka tsufa a gindin bishiyar nan."

"Chedi na sani. Shi kuma Chedi ya rantse mini ya ga hayaƙin Shivdhari da idonsa. In ka ce ƙarya ya yi, rantsuwar zur ce, gidan yari kuma bayan katangar nan yake. Wanne zan rubuta?"

Chedi ya daɗe yana tauna. Ya auna gona, ya auna katanga, ya ce Shivdhari mutumin kirki ne, a yi masa addu'a.

Har yau yana nan gindin darbejiya yana sanin mutane. Ramdhani kuwa yaro ne mai zumunci: duk shekara, ranar tunawa da mamaci, yakan dafa shinkafar gonar ya yi sadaka, ya aiko wa baffansa da nasa kason.