Ranar da Inna Ta Juye Tsakuwarta

Bazara ce, ta shekarar da ta biyo bayan yunwa, lokacin Nasara bai daɗe da zama a Sakkwato ba. Shekara ce mai nauyi, rumbuna wayam, ko ƙarar daka ba a cika ji a unguwarmu ta bayan Hubbare ba. Ina da kamar shekara tara nake bin Inna ɗibar ruwa daga gulbi zuwa inda magina ke kwaɓa ƙasar gidan Bature. Mun kai mu ashirin, kowace da tulunta da gammonta. Helma, wato shugaban leburori, yana zaune a inuwa da bulala, ƙorenmu jere a gabansa. In kin juye tulu, ya jefa miki tsakuwa ɗaya a ƙwaryarki. Wadda tata ta cika da la'asar ta samu mudun gero, wadda ta gaza a sallame ta.

Wata Laraba, Iya Tumba maƙwabciyarmu, mai tsohon ciki da ɗiya uku a gida, ta yanke jiki ta faɗi, tulu ya tarwatse. Helma ya leƙa ƙwaryarta ya ce gobe kada ya gan ta. To, Inna ba kowa ba ce a wurin, mace ce da ko akuya ba ta iya yi wa tsawa. Abin da dai mata suka san ta da shi, ita ke gyara wa mutum gammo, ita ke taya ɗora tulu. Sai na ga ta sauke nata, ta ɗauki ƙwaryarta, ta juye tsakuwarta kaf cikin ta Iya Tumba. Tuwonmu fa ke nan! Ba ta ko dubi helma ba, matan ta duba, ta ce wa ɗayarsu a hankali, "Hajo, kin san wadda ta kama miki ɗiya ran da kinka haihu, ga ta nan kwance." Hajo ta sunkuyar da kai, ta juye tata. Wata ta bi, wata ta bi, har ƙwarya ta cika ta zube.

Helma ya zabura da bulala, ni kuwa na runtse ido. Sai na ji muryar Inna, "Ranka shi daɗe, ruwan ga duk rami guda shika zuwa." Ga magina suna ta ihun a kawo ruwa, ƙasa tana bushewa. Ya yi tsaye, ya yi tsaki, ya koma ya zauna. Ranar daidai aka raba geron har da Iya Tumba, namu bai cika mudu ba. Na yi fushi da Inna har gida.

Yau ɗiyata da ke aikin ofis takan zo tana kukan ba a jin maganarta don ba ta da muƙami. Sai Inna ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta.

Washegarin wannan Larabar dai na riga Inna fita, na biya gidan Iya Tumba na ɗauko ƙwaryarta. Da na juye tulun farko, na nuna wa helma ƙwaryar Iya Tumba, na ce nan zai jefa.