Shirun Haliru Mai Famfo

Daga Bodinga har Shagari, in famfon burtsatse ya ƙi ba da ruwa, Haliru ake aika wa. Sana'ar a hannun Dita ya koye ta, wani dogon Bajamushe da ya zo haƙa rijiyoyi tun Haliru na saurayi. Shekara uku suna yawo kan babur ɗaya, suna cin tuwo a kwano ɗaya. Da Dita ya koma gida, wasiƙa ba ta yanke ba, cikin gurguwar Hausarsa.

A wasiƙun ne Haliru ya ji abokinsa ya zama kansila, bayan wata rigima da ya jagoranta kan bututun ruwan unguwarsu. Can wata shekara sai ga hoto, Dita da ƙatuwar sarƙa a wuya. An zaɓe shi magajin garinsu.

Kuskuren Haliru ɗaya ne, ya nuna hoton a tashar Bodinga. Kafin la'asar zaurensa ya cika. Wannan injin ban ruwan albasa yake so, wancan biza ga ɗansa.

"Rubuta mai mana, ai naka na!" in ji maƙwabcinsa Maniru.

"Ni ban roƙon aboki don yas samu kujera," in ji Haliru.

To, ya saka buƙatun a wasiƙa, kunya ba za ta bar shi ba. Ya rubuta babu su, a ce ya ci shi kaɗai. Sai ya ajiye alƙalami gaba ɗaya. Wasiƙun Dita uku suka ƙara zuwa, sannan suka tsaya. Abin ya yi wa Haliru ciwo ƙwarai, amma mutum ne mai taurin kai, kowa ya shaida.

Labari dai bai wuce shi ba. 'Yarsa Na'ima, ma'aikaciyar jinya a Dandin Mahe, ita ke duba masa a waya. Dita ya sake cin zaɓe. Dita ya hana motoci shiga titin kasuwa, 'yan kasuwa sun yi ca a kansa. Bara Na'ima ta zo masa jiki a sanyaye.

"Baba, abokinka ya hwaɗi."

"Alhamdu lillahi!" in ji Haliru, har ta zaro ido.

Ai wanda ya faɗi ba mai ba da saƙo gare shi. Ran nan ya yi wasiƙar jaje, ya ƙara da cewa akwai fili a fadama in yana sha'awar noman albasa.

Amsa ta zo bayan wata biyu. "Haliru, faɗuwar ba ta dame ni ba. Shekara goma sha shida ina kan kujera, duk wanda ya rubuto mini, wani abu yake so. Taka na yi ta jira, don kai ne ba ka son kome."

Haliru ya ninke takardar, hawaye na bin gemunsa. Ranar an aiko daga Shagari har sau biyu, bai je ba.